Yadda Malam Kyauta Ya Daina Cewa "Kun Gane?"

A shekarun da Malam Kyauta Abdulfatah yake da cikakken jinsa, babu malamin da ya kai shi murya a kwalejin horar da malamai da yake aiki a Gumel. Babban ɗakin lacca yana cin ɗalibai kusan ɗari uku, wasu har a kan taga suke zama. Sauran malamai in aka ba su ɗakin sai sun nemi lasifika. Shi kuwa yakan shiga da alli biyu a aljihun gaban riga, ya yi sallama, na can ƙarshen ɗaki su ji kamar a kansu yake tsaye. Lissafi yake koyarwa, da hanyoyin koyar da shi a firamare. Sai ya cika allo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juyo ya karkaɗe hannu ya ce, "Kun gane?" Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane, Malam!" Ya goge ya ci gaba. Shekara goma sha takwas ya yi a haka, kuma kowa ya shaida gwani ne.

Mutumin Ɗanzomo ne. Iyayensa sun daɗe ba su samu haihuwa ba kafin shi, shi ya sa ake kiransa Kyauta, kuma daga kansa ba su ƙara ba. Gidansu shiru ne, saboda haka ya tashi da son taro. A kwaleji ma ba abin da yake so kamar zaman gindin darbejiyar da ke gaban sashensu, inda malamai suke haɗuwa bayan Azahar su sha shayi su yi ta musu a kan siyasa da ƙwallo da farashin taki. Shi da abokinsa Malam Aminullahi, wanda suka yi karatu tare tun suna samari, su ne ke riƙe da hirar. In ɗaya ya ce gabas, ɗayan zai ce yamma, don dai a yi dariya.

A bazarar shekarar da ya cika arba'in da bakwai sanƙarau ta shiga ƙauyuka. Ya je makarantun Sule Tankarkar duba ɗalibansa masu koyarwar gwaji, ya dawo da ciwon kai, washegari wuyansa ya ƙage. Sati uku ya yi a asibiti. Ranar da ya farfaɗo ya ga matarsa, Halimatus Sa'adiyya, zaune a gefen gado bakinta yana motsi. Ya ɗauka addu'a take yi a ɓoye. Sai da ya ga ta juya tana yi wa ma'aikaciyar jinya magana da hannu da baki, sannan ya gane shi ne ba ya ji.

Likitan kunne a Kano ya rubuta masa bayanin a takarda. Kunnen hagu ya tafi. Na dama ya rage kaɗan. Aka ba shi na'urar ji, wadda take taimakonsa in mutum ɗaya ne yake magana a ɗaki mai shiru. A cikin taro kuwa duk muryoyi sai su haɗe su koma kamar ruwan sama a kan rufin kwano.

Da ya koma aiki, mutanen gindin darbejiya sun karɓe shi da murna. Satin farko kowa yana ɗaga murya dominsa. To amma labarin ban dariya in aka maimaita shi sau uku ya mutu, kuma mutane sukan gaji. A hankali aka koma hira yadda aka saba, shi kuma ya koyi yin murmushi in ya ga an yi. Wata rana ya ga wani malami yana magana yana girgiza kai, ya zaci irin labaransa na barkwanci ne, ya ƙyalƙyale da dariya. Kowa ya juyo ya dube shi. Aminullahi ya matso kusa da kunnensa na dama ya ce, "Rasuwar yayansa yake faɗa." Kyauta ya yi ta'aziyya, ya ba da haƙuri, ya ƙarasa shayinsa. Daga ranar ya koma cin abincin rana a ofis.

Lokacin Aminullahi ne shugaban sashe. Ya sami Kyauta a ofis ya rufe ƙofa, ya jawo kujera ta ɓangaren dama.

"Kyauta, na yi magana da shugaban kwaleji. Akwai gurbi a ofishin jarrabawa. Aikin takardu ne, ba hayaniya."

"Wato an gama da ni a aji."

"Ba wanda ya ce haka. Amma in ɗalibi ya yi tambaya, yaya za ka yi?"

Kyauta ya so ya ce a shekara goma sha takwas tambayoyin da aka yi masa a babban ɗakin ba su taka kara sun karya ba, sai ya ga wannan ba hujja ba ce da za ta taimake shi. Ya ce, "Ka bar mini ajina zango ɗaya. In abin bai yiwu ba, ni da kaina zan kai kaina ofishin jarrabawa."

Laccarsa ta farko da 'yan shekara ta biyu ce. Ya cika allo kamar yadda ya saba, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Ya ga bakuna ɗari biyu da tamanin sun buɗe sun rufe. Bai ji komai ba sai guna-guni. Da babu sautin da zai ɗauke masa hankali, sai idonsa ya tsaya a kan fuskoki. Wata ɗaliba a layi na uku ta amsa, amma littafinta fari fat. Wani ya amsa bai ko ɗago daga wayarsa ba. Wani kuma yana kwafar layin da ke sama, bai ma iso inda ake tambaya ba, shi ma ya amsa. Kyauta ya tsaya da alli a hannu har ɗalibai suka fara duban juna.

Ya ce, "Kowa ya yagi rabin takarda. Kada ku sa suna. Ku tara mini rabi da sulusi, ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. A ƙasa ku rubuta abin da ba ku gane ba a darasin yau, tunda kun san ba zan ji ku ba."

Da yamma ya baje takardun a teburinsa ya kasa su. Fiye da rabin ajin sun rubuta biyu bisa biyar: sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Waɗannan su ne za su fita koyar da yara bayan shekara guda, kuma bara shi da kansa ya koya musu wannan babin. A ƙasan wata takarda an rubuta da ƙaramin rubutu: "Malam tun ina aji huɗu na firamare ban gane wannan ba, kunya nake ji."

A gida ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Sa'adiyya tana tsince gero. Ta zo ta zauna a damansa, don ta riga ta saba, ta tambaye shi ko jikin ne. Ya ba ta labari.

Ta ce, "To ai ba yau suka fara rashin ganewa ba."

"Abin da ya dame ni ke nan. Shekara goma sha takwas. Yanzu haka suna can a azuzuwa daga nan har Maigatari."

"Ni ban yi nisa a boko ba, amma ka ce rabi aka ƙara wa wani abu?"

"Rabi da sulusi."

"Kuma amsar da suka bayar ba ta kai rabi ba?"

Ya dube ta. Ta tashi ta ɗauko kwanon awonta da wani ƙaramin kofi. Ta ce kofin nan shida ne suke cika kwanon. Ta zuba uku ta ce ga rabi. Ta zuba biyu ta ce ga sulusi. Ta miƙa masa kwanon, saura kofi ɗaya ya cika. "Ka kai musu wannan. Duk wadda ta taɓa auna tsaba ba za ta ce maka an ƙara abu a kan rabi ya ragu ba."

Washegari ya shiga babban ɗakin da kwano da kofi da ƙullin gero. Ɗalibai suka yi dariya, ya gani a kafaɗunsu. Ya kira ɗaya daga baya ya auna, ya kira wata ta rubuta abin da aka auna a allo. Sannan ya ce kowane benci su juya su fuskanci na bayansu, su nemo dalilin da ya sa kofi shida aka yi amfani da shi ba biyar ba. Ɗakin ya kaure da surutu. Shi hayaniya ba ta dame shi ba. Ya riƙa bin layi yana leƙa littattafai, inda ya ga an karkace ya tsaya ya nuna da yatsa.

Haka ya sauya aikinsa, ba da wani tsari da ya karanto ba, sai dai larura tana tura shi yana bi. Ya rage rubutu a allo ya bar wa ɗalibai allin. Kowane darasi yana ƙarewa da rabin takarda, na gaba kuma yana farawa da tambayoyi uku da suka fi yawa a cikin takardun. Abin yana cin lokaci. Zangon farko bai gama manhaja ba, saura babi biyu, ɗalibai suka kai ƙara wurin shugaban sashe. A cikin takardun wata rana ya tarar da wadda aka rubuta: "Kurma ba ya koyarwa, mu yake sa wa aiki." Ya daɗe yana dubanta. A darasi na gaba ya karanta ta a gaban kowa, ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai yi ƙarya ba. Kurma ne ni, kuma ku nake sa wa aiki. Na duba lissafin da ke saman takardarsa, ya ci. Watan jiya da wuya ya ci." Ya ajiye ta ya ci gaba. Da sakamakon jarrabawa ya fito da kyau, Aminullahi bai sake tayar da maganar ofishin jarrabawa ba.

Zagayen koyarwar gwaji ma ya sauya. Ya ƙara wa babur ɗinsa babban madubi, saboda ba ya jin hon ɗin manyan motocin da ke bin hanyar Maigatari, musamman ranar Alhamis da kasuwa take ci. A da yakan zauna a bayan aji ya saurari ɗalibinsa, ya ba shi maki a kan murya da tsayuwa da tsabtar allo. Yanzu sai ya ajiye kujera a gaba ta gefe, ya fuskanci yara. Yana duban wa aka kira, wa aka manta, hannun wa ya tsaya a kan littafi. Bayan darasi ya karɓi littattafai goma ya zauna da ɗalibin a inuwa su duba tare. Bayan shekara uku wani hedimasta a Gagarawa Tasha ya rubuto wa kwaleji yana roƙon in za a turo masu gwaji, a turo masa na Malam Kyauta.

Wannan wasiƙa ce ta sa shugaban kwaleji ya ɗora masa shirya bita ga malamai a kan dabarun koyarwa. Ranar buɗewa ɗaki ya cika, don shugaban yana nan. Kyauta ya nuna musu takardun ɗalibai, ya faɗi kurakuransa na shekara goma sha takwas bai rage ba. Sannan ya kawo shawara: kowace Laraba bayan La'asar a haɗu awa ɗaya, kuma malamai su riƙa shiga ajin juna, wanda ya zauna ya gaya wa wanda ya koyar abin da ya gani. Aka tafa. Ya ga tafin.

Laraba ta farko mutum tara suka zo. Ta biyu huɗu. Babu wanda ya gayyace shi ajinsa. Da ya tambayi Aminullahi, sai ya ce masa, "Kyauta, mutumin da ya yi digiri uku ba zai so ka zauna kana ƙirga masa kurakurai ba. Wasu ma cewa suke kai ne idon shugaba. Kuma ka san ba da wannan ake ƙarin girma ba, da maƙala ake yi."

"Kai fa? Ka zo nawa ajin ka ƙirga mini."

"Zan zo, in sha Allahu. Bari a gama taron majalisar sashe."

Bai zo ba. Ba ƙiyayya ba ce, Kyauta ya sani. Aiki ya yi wa Aminullahi yawa, kuma hira da mutumin da sai an maimaita masa tana da gajiyarwa ko ga aboki. Daga Laraba ta biyar Kyauta shi kaɗai yake zama. Yakan buɗe ɗakin, ya jera kujeru shida, ya zauna yana duba takardun ɗalibai har awa ta cika, ya mayar da kujerun ya kulle. Ya yi wata huɗu a haka. A gida ma shirun ya bi shi. 'Ya'yansa uku sun girma, biyu a Kano ɗaya a Dutse, kuma tunda waya ba ta yi masa amfani, uwarsu suke kira. Yakan ga tana dariya da waya a kunne, in ta gama ta ce, "Suna gaishe ka."

Wata Laraba ya ɗago ya ga mace tsaye a bakin ƙofa, da alama ta daɗe tana sallama. Malama Tayyiba ce, sabuwar malamar kimiyya 'yar Maigatari, wadda ba ta cika wata uku da fara aiki ba. Ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, ta buɗe littafi ta rubuta da manyan baƙaƙe ta juyo masa: "Ɗalibaina ɗari biyu ne. Ba sa saurarona. Jiya na fita na bar su."

Ya ce, "Ki yi magana, 'yata, in ɗaki shiru ina ji. Ki dai dube ni in kina yi. Me kika yi a minti goman farko?"

"Na karanta musu abin da na shirya."

"Su kuma me suka yi?"

Ta yi tunani. "Ban sani ba, Baba. Takardata nake kallo."

"Nawa ajin gobe ne ƙarfe goma. Ki fara zuwa ki ga nawa, ki rubuta duk abin da bai yi miki ba. Sannan in kin yarda in zo naki."

Ta zo, ta zauna a gefe, ta cika shafi guda. Da farko ta ƙi ba shi, sai da ya miƙa hannu. Ta rubuta cewa yana magana yana fuskantar allo, muryarsa kuma takan faɗi ƙasa bai sani ba, na baya ba sa ji. Ta rubuta cewa ɓangaren dama kawai yake zagayawa, na hagu sun gane haka, can masu barci suke taruwa. Ta rubuta cewa in ya yi tambaya ba ya jira, mai saurin ɗaga hannu shi ne kullum. Ya karanta sau biyu. Tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa gaya masa ga inda ya kasa a aji. Ya ji wani daɗi da ya manta irinsa, har ya tsaya a hanya ya sayi tsire ya kai gida.

Shekara biyu suka yi suna wannan musaya. Ta koyi fara darasi da tambaya, ta koyi shigo da ganyen zogale da ƙasar gona cikin aji maimakon zana su. Shi kuma ya koyi ƙirga goma a zuci kafin ya zaɓi mai amsa. Ta jawo wani sabon malamin Turanci, Malam Nura, wanda yake zuwa Laraba ɗaya ya tsallake biyu. A shekara ta uku ta samu gurbin ƙarin karatu, daga can kuma wata jami'a ta ɗauke ta. Ta zo sallama ranar Litinin yana tsakiyar duba jarrabawa. Ya yi mata addu'a, ya raka ta bakin ƙofa, ya dawo ya zauna bai iya ci gaba da dubawar ba.

Ya ƙara shekara shida a kwalejin. Abokan shigarsa duk sun wuce shi a muƙami. Zaman Laraba bai mutu ba, bai kuma cika ba: wani zangon mutum uku, wani biyar, duk sababbin malamai, kuma yawancinsu da sun samu gindin zama sai su daina. Nura ne ya daɗe, har ya karɓi makullin ɗakin.

Da shekarun aikinsa suka cika aka shirya masa walima. Aka zaunar da shi a babban tebur, lasifika tana gefensa tana sa na'urar kunnensa ƙara, dole ya cire ta ya sa a aljihu. Mutum bakwai suka yi jawabi. Aminullahi ya fi kowa daɗewa. Kyauta ya ga mutane sun yi dariya sau biyu, sannan ya ga ɗakin ya nutsu, ya ga Aminullahi ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga. Ba wanda ya tuna ya rubuta masa ko layi ɗaya.

Bayan an watse suka tsaya su biyu a wajen ajiye babura. Kyauta ya mayar da na'urar ya ce, "Me ka faɗa ne har da hawaye?"

Aminullahi ya buɗe baki, ya duba mutanen da ke wucewa, ya ga sai ya ɗaga murya kafin a ji shi. Ya kama hannun Kyauta ya riƙe. "Alheri na faɗa. Zan zo gida in gaya maka a tsanake."

Yanzu Malam Kyauta yana noman riɗi a gonar mahaifinsa. Shi da Sa'adiyya suna nan a Gumel, amma da damina kusan kullum yana Ɗanzomo. Yakan buɗe tsohon gidan iyayensa, ya share zaure, ya ajiye babur a ciki, ya saɓa fartanya ya fita. Mutanen garin sun san halin da yake ciki, in sun hango shi sai su ɗaga masa hannu daga kan hanya, shi ma ya ɗaga. Yakan yi Azahar a gindin wata tsamiya da ke iyakar gonar, ya ci abin da aka ƙullo masa, ya ɗan kishingiɗa har rana ta yi sanyi, sannan ya kama hanyar gida tun da sauran haske.